Kututturen Gona da Dashen Gandu: Wanne Ya Fi Riƙe Gida?

    

Yau zancenmu na itace ne, ko icce kamar yadda muke cewa a nan ƙasar Sakkwato. Na san wata za ta ce, to mu da muke cikin ɗaki, ina ruwanmu da maganar daji da gona, ai wannan ta maza ce. 'Yar uwa, dakata ki ji. Wa ke hura wuta? Wa ke kaɗa miya? Ran da itacen girki ya yi tsada, kuɗin cefanen wa ke raguwa? In kin amsa waɗannan a ranki, kin ga ashe maganar tamu ce tun kafin ta zama ta kowa.

Abin da ya jawo zancen, saƙo ne da wata 'yar uwa ta aiko mana daga Sanyinna, a ƙaramar hukumar Tambuwal. Ta roƙi kada a faɗi sunanta, kuma ba za mu faɗa ba. Ta ce ta gaji gona wajen mahaifinta, Allah ya jiƙansa, maigidanta da babban ɗanta ne ke noma ta. Tana yarinya, in ji ta, akwai ɗorawa da kanya da tsamiya a gonar, yanzu duk an sare, sai kututture da 'yan sabara da kalgo da ke tohowa kowace shekara, ana sassabe su ana ƙonewa. Bana maigidan ya ce zai sa a tone kututturan gaba ɗaya, ya sayo dashen turare ya jera a rabin gonar, don an gaya masa sandunansa na kuɗi. Ita kuwa zuciyarta ba ta kwanta ba, amma ba ta san me za ta ce masa ba. Shi ne take tambaya, tsakanin iccen da aka dasa da wanda ya toho da kansa, wanne ya fi?

Madalla da wannan tambaya. Wallahi ba ke kaɗai ke yin ta ba, gwamnatoci da masana na duniya sun daɗe suna kai da kawowa a kanta.

Bari mu fara da rarrabe abubuwan biyu. Hanya ta farko ita ce gandun dashe. A rene iri a cikin 'yan ledoji, a share fili tas, a haƙa ramuka a jere, a dasa itace iri ɗaya, kamar turare ko dogonyaro, a yi ta ban ruwa da tsaro har ya kama. Hanya ta biyu ita ce a bar ƙasa ta fito da abin da ke cikinta. Kututturen da aka sare ya toho, ƙwallon da ya faɗi ya tsira, mutum kuma ya taimaka da gyara da tsaro. Ta farko tana ba da itace iri ɗaya mai yawa. Ta biyu tana ba da iri-iri, irin waɗanda ƙasar ta saba da su tun kaka da kakanni.

Yanzu uwargida leƙa madafinki, mu yi lissafi tare. Kukar miya daga ina? Daga itacen kuka. Daddawa daga kalwa, kalwa daga ɗorawa. Tsamiyar kunu, man kaɗe na shafawa da girki, magarya da kanya da ɗinya da aduwa da yara ke sha, kabar da kike saƙa tabarma da faifai, turmin da kike daka a ciki wanda aka sassaƙa da ƙirya, sabarar da tsofaffi ke dafa wa mai jego, 'ya'yan gawo da awakinki ke rububi. Cikin waɗannan duka, nawa ne aka dasa a gandu? Kusan babu. Da kansu suka fito, wani manomi mai hangen nesa ya ga tsiron ya kauce masa da fartanya, mu kuma muke ci yau. Ita kaɗanya ma sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Wanda ya bar ta, sau da yawa jikokinsa ne ke shan man.

Kada a ce na kushe dashe. Dashe ya yi mana rana, kuma gaskiya a faɗe ta. Dogonyaron nan da muke shan inuwarsa a ƙofar gida da kasuwa da makaranta, asalinsa daga ƙasar Indiya yake, a zamanin Turawa aka kawo shi, aka fara dasa shi a Barno a 1928, daga nan ya bazu. In kin tuna yadda rana take a Sakkwato a watan Afrilu, kin san ba ƙaramin alheri ya yi mana ba. Haka kuma a ƙwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, wanda ruwansa ke gangarowa har tafkin Kalmalo wajen Illela, tun 1975 aka soma dasa dogonyaro layi-layi a tsakanin gonaki don tare iska. Iska ta ragu, gero ya ƙara kyau, mutane suka samu sanduna. Turare ma yana da nasa amfani: yana saurin girma, yana miƙewa sak, ana rufin ɗaki da rumfa da shi.

Sai dai dashe kamar jariri yake. Saiwarsa ba ta wuce tsawon yatsa ko tafin hannu ba ran da aka fitar da shi daga leda. In ruwa ya ɗauke a Oktoba, yana da wata bakwai ko fiye na rani a gabansa, ga iskar hunturu, ga gara, ga awaki. Ni da idona na ga wata shekara an yi bikin dashen itatuwa a bakin wata hanya, an zo da motoci da makaɗa, manya sun dasa an yi tafi. Da na sake bi ta wurin da bazara, ramukan kawai na gani da 'yan ƙayoyin da aka kewaye su da su. Ba mugunta aka yi ba. Ba a dai tanadi mai ban ruwa ba, kuma babu wanda ya ɗauki itatuwan a matsayin nasa.

Ko dashen ya kama, akwai abin dubawa. Turare mashayin ruwa ne ƙwarai, dabbobi ba su cin ganyensa, kuma shuka ba ta jin daɗi a gindinsa. In an jera shi a rabin gona, to a sani an rage gonar hatsi da rabi ke nan har ran da za a sare. Sannan itace iri ɗaya in cuta ta zo, tare take kama su. A farkon shekarun 1990 an ga haka, lokacin da dogonyaro ya yi ta zubar da ganye yana bushewa a wurare da dama a Nijar da arewacin Nijeriya, hankalin ma'aikatan daji ya tashi. Gonar da ke da gawo da kalgo da magarya da marke a gauraye, in wani ya kwanta wani na tsaye.

To shi kututture fa, mene ne sirrinsa? Sirrinsa na ƙarƙashin ƙasa. Itacen da aka sare, kansa kawai aka cire. Saiwarsa na nan da rai, ta yi shekaru tana nutsawa, ta san inda laima take ko a tsakiyar bazara. Shi ya sa za ki ga sabara da kalgo kore shar a watan da ko ciyawa babu. Kowace shekara saiwar na turo rassa, kowace shekara a sare a ƙone. In aka bar mata 'yan rassa kaɗan aka gyara su, duk ƙarfin tsohuwar saiwar nan a kansu zai tafi. Babu sayen iri, babu ban ruwa. In dashe jariri ne, toho babban mutum ne da aka yi wa aski.

Wannan ba tatsuniya ba ce, maƙwabtanmu na Maraɗi sun gwada, kuma gani ya kori ji. Bayan farin 1973, ƙasar Maraɗi ta yi fayau. An sare itatuwa don faɗaɗa gonaki da neman na girki, iska na kwashe ƙasa, har manomi kan yi shuka sau biyu ko uku don rairayi ya binne tsiron. Mata na tafiya mai nisa neman itace, wasu na girki da kara da kashin shanu. Hukumomi da ƙungiyoyi suka kashe kuɗi mai yawa wajen dashe, mafi yawa ya mutu.

Cikin masu wannan aikin dashe akwai wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi. Wata rana a 1983 yana tafe da mota ɗauke da dashe, ya tsaya rage iskar taya don ya samu wuce rairayi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a bakin hanya, irin wanda kowa ke ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen da kyau, sai ya gane ashe itace ne da aka sare yake tohowa. Ya ɗaga kai ya ga irinsa ko'ina a cikin gonaki. Ashe dajin da ake ta wahalar dasawa yana nan kwance a ƙarƙashin ƙasa.

Manoma kaɗan ne suka yarda da farko, kuma an yi musu dariya, don a ganin mutane manomin kirki shi ne mai gona tas. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona, aka bar itatuwa wajen 500,000. Ki ji abin da ya faru: da aka daina rabon abincin, mutane suka sare kamar kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci. Suna da itacen girki, suna da abincin dabbobi, iska ba ta binne musu shuka, gero kuma bai ragu ba. Daga nan abin ya yi ta yaɗuwa daga manomi zuwa manomi, ana hira a kasuwa da wajen biki, har ya samu suna, ana ce masa sassabin zamani.

Bayan shekara 20 da 'yan kai, masana suka kwatanta hotunan ƙasar da aka ɗauka daga sama a 1975 da waɗanda aka ɗauka wajen 2005. Suka tarar a jihohin Maraɗi da Damagaram itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, kimanin itace miliyan 200, kuma ba dasa su aka yi ba. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, sai ki ƙiyasta. An kuma ƙiyasta cewa hatsin da ake samu a waɗannan gonaki ya ƙaru da wajen tan 500,000 a shekara. A 2018 aka ba Tony Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, tare da wani manomi na Burkina Faso, marigayi Yacouba Sawadogo, wanda shi kuma ya farfaɗo da fako ta hanyar haƙa 'yan ramuka yana zuba taki. Amma aikin na talakawa ne, da gatari da lauje suka yi shi. Hausawa ne irinmu, gero da dawa da wake suke nomawa, kuma ruwan saman da suke samu bai kai na Tambuwal da Kebbe ba. In ƙasarsu ta amsa, me zai hana tamu?

Wata za ta ce, yaya itace a gona zai ƙara hatsi, ba inuwa zai yi ya kashe shuka ba? Ya danganta da irin itacen da yadda aka gyara shi. Dubi gawo. Shi al'amarinsa a juye yake: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Lokacin da gero ke son rana, gawo ba shi da inuwa. Ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa kuma na tara wa ƙasa irin sinadarin da ake saye a buhun yuriya. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi a wurin. Tambayi maigida inda gero ya fi tsawo a gona, zai ce miki gindin gawo. Mutanen da sun san haka. A Damagaram har yau ana ba da labarin yadda Sarki Tanimu ya hana saran gawo, ya sa hukunci mai tsanani a kai. Su kuma sabara da kalgo suna tare ƙasar da iska ke ɗaukowa, ganyensu na ruɓewa a gindi, shi ya sa ƙasar wurin take fin baƙi da laushi.

A sauran duniya ma an auna. Wani bincike da aka buga a 2021 ya duba wurare 77 a ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka da Afirka ta Yamma, inda aka daina noma aka bar daji ya dawo da kansa. Aka ga cikin shekara 20 ya maido kusan kashi 78 cikin 100 na halinsa na da, kuma ƙarfin ƙasa ne ke fara dawowa, cikin ƙasa da shekara 10. Waɗancan wurare yawancinsu sun fi mu ruwa, namu zai fi nawa, amma hanyar ɗaya ce. Wani binciken na 2019 ya nuna dajin da ya tashi da kansa ya ninka gandun dashe sau 40 wajen riƙe iskar nan da ke ɗumama duniya, don shi gandu ana sare shi ne duk bayan 'yan shekaru.

Ko babban shirin nan na Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya ɗauki darasi. Da farko nufin shi ne a dasa itatuwa a jere, tsawon kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa. Da tafiya ta yi tafiya aka ga dashe kaɗai ba zai kai ba, aka shigo da renon toho da gyaran ƙasa irin na manoman Maraɗi a cikin shirin.

Yanzu bari mu zo kan abin da maigida zai ce, don lalle zai ce wani abu, kuma yana da hujja. Zai ce mutane za su kira shi raggo mai ƙazamar gona. Zai ce itace na tara tsuntsaye, kuma kututture na karya garmar shanu. Zai ce in ya rena, wani zai zo da dare ya sare, ko makiyayi ya sassauke rassan. Duk gaskiya ne, an gamu da su a Maraɗi. Maganar tsuntsu da inuwa, gyaran rassa ke rage ta. Maganar garma, sai a zaɓi kututturan da suka yi layi da kunya, a bar na kan iyaka. Maganar sata ita ce babba, kuma mutum ɗaya ba ya maganinta. A ƙauyen Ɗan Saga da ke wajen Agye a jihar Maraɗi, mutanen gari ne suka kafa kwamiti, da manoma da makiyaya da mata a ciki, suka sa doka da tara. Gwamnatin Nijar ma a 2020 ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne. Mutum ba ya wahala a kan abin da bai tabbata nasa ba ne. Saboda haka a nan ma, kafin a fara, yana da kyau maigida ya yi magana da maƙwabtan gona da mai gari, a kuma nemi malamin daji na ƙaramar hukuma a ji ƙa'idar sara da gyara. In gonar aro ce ko jingina, a fara shawara da mai ita.

Ga yadda ake yi, ki riƙe da kyau don ki iya maimaita wa ɗanki ko ɗan ƙwadago. Lokacin sassabe, kafin a sa wuta, a zagaya gonar a ga irin kututturan da ke tohowa. A zaɓi masu amfani. Don farawa, a bar kamar 40 a hekta ɗaya, wato kusan taku ashirin tsakanin wannan da wancan. A kowane kututture a zaɓi rassa uku zuwa biyar, waɗanda suka fi miƙewa da ƙarfi, a sare sauran. Waɗanda aka bari a rage musu ƙananan rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu, a bar na sama. Gatari ko adda ta zama mai kaifi, kuma a yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. A ɗaura ɗan jan tsumma a jiki, kowa ya gani ya san da mai shi. Kada a tara shara a ƙone kusa da shi. Bayan 'yan watanni a koma a rage sabon tohon da ya fito. Duk abin da aka rage, itacen girkinki ne tun shekarar farko. Daga shekara ta biyu ko ta uku ana iya sare reshe ɗaya a kowane kututture, a bar wani sabo ya maye gurbinsa. Kin ga kenan ana ci, uwar kuma na nan.

Inda ƙasa ta zama fako, ko aka riga aka tone saiwoyin, nan kam babu abin da zai toho. A irin wurin ne dashe ke da aiki, ko a haƙa 'yan ramukan da mutanen Tawa ke kira tassa, a zuba taki, ruwa ya taru. Shi ya sa tone kututture ya fi sare shi muni. Sara aski ne, tonewa kuwa kisa ne.

To ke da ke cikin gida, mene ne naki? Da yawa. Na farko, bakinki. Ki nemi lokacin da maigida ya ci ya huta, ki kawo zancen da lissafi: nawa muke kashewa a itacen girki a mako, nawa a daddawa, nawa a dussa da harawar awaki da bazara? Namiji ya fi jin magana in an haɗa ta da aljihu. Kada ki ce a canza gona duka. Ki roƙi kusurwa ɗaya a gwada shekara biyu. In gonar taki ce ta gado, kina da ikon faɗin yadda kike so a yi mata, cikin ladabi da fahimtar juna.

Na biyu, takin awakinki. Akuya na cin 'ya'yan gawo da magarya da bagaruwa, ƙwallon ya fita a kashinta ya fi saurin tsira. In an kai takin gona, iri kika aika ba ki sani ba. Ki ce wa yara in sun ga tsiron itace wajen noma su kauce masa, su kafa ɗan tsinke a gefensa.

Na uku, tarbiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da uwarsa ta koya masa sunan kalgo da geza da marke da amfanin kowanne, ba zai girma yana ganinsu shara ba. Tsofaffin da ke cikin gida ku taimaka, ku kuka san abin da ke dajin nan da. Sunan Dogon Daji kaɗai ya isa ya gaya wa yaro yadda ƙasar nan take a zamanin kakanninsa.

Na huɗu, dashenki na cikin gida. A nan ne dashe ya fi kamawa, don ga katanga, ga ruwan wanke-wanke, ga idonki a kai. Zogale biyu ko uku a bayan ɗaki, cikin 'yan watanni kin fara kwaɗo. Ƙwallon kuka ma in kin jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana kin shuka, za ki riƙa tsinkar ɗanyen ganye tun yana ƙarami. Malamai sun sha gaya mana ladar wanda ya shuka abin da mutum ko tsuntsu ko dabba za su ci.

Na biyar, murhu. Murhun laka mai kewaye ya fi na duwatsu uku tattalin itace, ga rufe tukunya da jiƙa wake kafin a ɗora. In mai itace ya kawo miki ɗanyen ɗorawa ko kaɗanya, ki nuna masa ba ki so. Mai saye ke koya wa mai sara abin da zai saro. Kuma mu tuna, a 'yan shekarun nan shiga daji mai nisa ya zama abin fargaba a wurare da yawa na ƙasarmu. Duk itacen da aka samu a gonar gida, ya rage wa yaranmu tafiyar da hankalin uwa ba ya kwanciya sai sun dawo.

Saboda haka 'yar uwarmu ta Sanyinna, ga amsarki. Ki roƙi maigida kada a tone kututturan nan, su ne abin da mahaifinki ya bar miki a ƙarƙashin ƙasa. A zagaya a ga wanne ke da rai, a gyara, a ɗaura tsumma. In yana son turarensa, ba laifi, a jera layi ɗaya a kan iyaka ta wajen da iska ke bugowa, ko a wani gefe da ba ya hatsi, nesa da rijiya, bayan an yi shawara da maƙwabcin gona. Shi ya samu sandunan sayarwa, ke ki samu na wuta da na miya, gero kuma bai rasa wurinsa ba. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Sauran 'yan uwa na Tambuwal da Jabo da Dogon Daji da Kebbe da Kuchi, da duk inda kuke saurare, ga ɗan aikin da zan bar muku. Yau da dare kowace ta tambayi maigida ko ɗanta, kututture nawa ke tohowa a gonarmu, kuma na wane itace ne? Wadda ta samu amsa ta aiko mana, mu karanta a ji. Wadda kuma aka gwada a gonarsu, ta ba mu labari bayan kaka, ko ya yi kyau ko bai yi ba, don mu ƙaru da juna.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.